Koci ko gwanin ɗan wasa: wa ke cin kofin lakuros na jami'o'in Amurka?

Wa ya ci kofin, kocin da ya tsara wasa ko yaran da suka shiga fili suka buga shi? Wannan gardama ba ta fashi duk ranar Litinin ta ƙarshen watan Mayu, ranar da Amurkawa ke hutun tunawa da sojojinsu da suka mutu a fagen daga, wadda kuma ita ce ranar wasan ƙarshe na gasar lakuros ta maza a jami'o'in ƙasar. A 2025 musun ya fi na kullum zafi. Jami'ar Cornell ta doke Maryland da ci 13 da 10, ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1977, kuma ɗan wasanta CJ Kirst shi kaɗai ya zura ƙwallo shida. Masu cewa gwani ne ke cin wasa suka ce to ga hujja nan. Masu ɗora wa koci komai kuwa suka juya kan John Tillman na Maryland, wanda wannan ne karo na bakwai da ya kai wasan ƙarshe ya dawo hannu rabbana.

Duk mai bin tamaula ya san irin wannan musu. Amma lakuros na jami'a yana da nasa tsarin, kuma sai an san tsarin za a gane inda kowane ɓangare ya faɗi gaskiya da inda ya zarce.

Yadda wasan yake

Asalin lakuros wasan 'yan asalin Arewacin Amurka ne, musamman al'ummar Haudenosaunee da ke zaune a jihar New York da kudancin Kanada, kuma har gobe suna ɗaukarsa a matsayin wasa mai alfarma. Kowane ɗan wasa yana riƙe da sanda mai 'yar raga a kai, da ita yake cafe ƙwallon roba mai tauri, ya yi gudu da shi, ya miƙa wa abokinsa ko ya harba. A wasan maza mutum goma ne kowane ɓangare: 'yan gaba uku, 'yan tsakiya uku, 'yan baya uku masu dogayen sanduna, sai mai tsaron raga. Ana buga minti 60, an raba shi kashi huɗu. Ragar ƙafa shida ce tsawo da faɗi, kuma ana iya zagayawa ta bayanta a ci gaba da wasa. Canjin 'yan wasa ba shi da iyaka, ana yin sa wasa na gudana.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta bambanta lakuros da yawancin wasanni, kuma ita ce tushen rabin wannan gardama. Idan aka ci ƙwallo, ba a miƙa wa wanda aka ci ya fara. Alƙalin wasa yana ajiye ƙwallon a tsakiyar fili, mutum biyu su duƙa da sandunansu a ƙasa, ya busa usur, su yi kokawa a kansa. Ke nan ƙungiyar da ke da gwanin kokawar tsakiya tana iya ci, ta sake karɓe ƙwallon, ta sake ci, abokan karawarta suna tsaye ba su taɓa shi ba. Idan kuma aka tashi kunnen doki, a ƙarin lokaci duk wanda ya fara zura ƙwallo ya gama wasa.

Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara wannan gasa a 1971, Cornell ce ma ta fara ɗaukar kofin. Jami'o'i sama da saba'in ne ke rukuni na ɗaya, amma waɗanda ke shiga gasar ba su kai ashirin ba, kuma wanda aka doke sau ɗaya ya tafi gida. Wasan kusa da na ƙarshe ranar Asabar, na ƙarshe ranar Litinin. Kwana ɗaya tak ke tsakani. A wannan kwana ɗaya koci zai kalli bidiyon abokan karawa, ya huta da yaransa da suka sha gudu cikin zafin rana, ya yi musu ɗan bita mara nauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya: abin da ƙungiya ba ta koya ba tun daga Fabrairu, ba za ta koye shi ranar Lahadin nan ba.

Hujjar masu cewa gwani ne

Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin idan aka bi wasannin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa abin da ya raba gardama abu ne da babu kocin da ya zana shi a allo.

Ɗauki 2009, Syracuse da Cornell. Cornell na gaba da ci 9 da 6, saura 'yan mintuna. Syracuse ta rama biyu, amma da ya rage ƙasa da rabin minti ƙwallon yana hannun Cornell, abin da ya rage mata kawai ta tsallaka da shi tsakiyar fili lokaci ya cika. Kenny Nims ya bi ɗan wasan da ke ɗauke da ƙwallon ya kaɓe masa sanda, ƙwallon ya faɗi ƙasa. Stephen Keogh ya tsince shi cikin turmutsutsu ya wurga ta bayansa. Matt Abbott ya cafe, mutum biyu suka rufar masa, yana shirin faɗuwa ya jefa ta saman kafaɗarsa. Ƙwallon ya goga sandar wani ɗan Cornell, ya sauka a ragar sandar Nims da ya riga ya sheƙa bakin gola, shi kuwa ya zura, saura daƙiƙa huɗu. A ƙarin lokaci Cody Jamieson ya ƙarasa aikin, aka tashi 10 da 9. Kocin Cornell na lokacin, Jeff Tambroni, ya tsara wasan da ya danne Syracuse kusan minti hamsin da biyar. Cikin daƙiƙa ashirin da 'yan kai hannun yara uku da sa'a suka rushe shi.

Shekarar da ta biyo baya ma haka. Notre Dame ta ja wa Duke birki, ta rage wa wasan gudu har aka tashi 5 da 5, wanda shi ne ainihin abin da kocinta Kevin Corrigan yake so. Da aka dawo ƙarin lokaci, CJ Costabile na Duke, mai doguwar sanda wanda asalin aikinsa tsaro ne, ya ci kokawar tsakiya, ya miƙe da gudu ya harba. Daƙiƙa biyar kacal ƙarin lokacin ya ɗauka.

Sannan ga masu tsaron raga, waɗanda a ganina su ne suka fi kowa iko da ranar Litinin. A 2021 Maryland ta zo wasan ƙarshe ba a taɓa doke ta ba a kakar. Virginia na gaba da ƙwallo ɗaya, saura 'yan daƙiƙu, Luke Wierman na Maryland ya ci kokawar tsakiya ya nufi raga ya harba, Alex Rode ya tare da jikinsa, aka tashi 17 da 16. A 2022 Logan McNaney ya tare wa Maryland hari 17. A 2023 Liam Entenmann ya tare wa Notre Dame 18 a gaban Duke mai ɗauke da Brennan O'Neill, gwarzon ɗan wasan shekarar. Mai tsaron ragar da idonsa ya buɗe a ranar yana iya mayar da kyakkyawan tsarin hari tamkar ba a yi shi ba, kuma babu wani umarni daga bakin fili da zai sa idonsa ya buɗe.

Idan aka koma baya, tagwayen nan 'yan Kanada, Gary da Paul Gait, su ne suka ɗaga Syracuse ta ci 1988 da 1989 da 1990, ko da yake daga baya NCAA ta soke na 1990 saboda keta ƙa'ida. A wasan kusa da na ƙarshe na 1988 ne Gary ya taso daga bayan raga, ya yi tsalle ta saman da'irar mai tsaro ya dura ƙwallon ta sama, abin da ya sa hukuma ta hana wannan salo daga baya. An san kocinsu Roy Simmons Jr. da sakar wa 'yan wasansa mara, kuma masu wannan ra'ayi suna cewa hikimarsa ita ce ya san lokacin da zai matsa gefe.

Sai dai akwai wurin da hujjar ke rauni. Lyle Thompson, ɗan ƙabilar Onondaga ta al'ummar Haudenosaunee da ya buga wa Albany, ya ci kyautar Tewaaraton ta gwarzon ɗan wasa sau biyu, a 2014 tare da yayansa Miles, sannan a 2015 shi kaɗai, kuma mutane da yawa suna lissafa shi cikin waɗanda ba a taɓa yin kamarsu ba. Bai taɓa taka ko wasan kusa da na ƙarshe ba. Pat Spencer na Loyola, gwarzon 2019 wanda daga baya ya koma ƙwallon kwando har ya shiga NBA, shi ma bai ɗaga kofi ba. Shi kansa Kirst yana nan a Cornell a 2024, amma ƙungiyar ko gasar ba ta shiga ba.

Hujjar masu cewa koci ne

Sunan da suke fara kira Bill Tierney ne, kuma da wuya a musa musu. Ya karɓi Princeton tana ƙasan tebur, kakarsa ta farko a 1988 wasa biyu ta ci ta sha kashi a 13. Princeton tana cikin rukunin jami'o'in Ivy, waɗanda ba sa ba da tallafin karatu don wasa, kuma shigarsu sai mai ƙoƙarin karatu sosai. Ke nan ba shi da abin da zai ja yaran da Syracuse ko Johns Hopkins ke ja. Sai ya gina tsaro: da zarar ɗan gaba ya wuce mai gadinsa, wani ya riga ya taso ya tare shi, na uku ya cike gurbin wanda ya taso, kowa ya san inda zai matsa tun kafin ƙwallon ya motsa. A hari kuma ya koya musu haƙuri, su riƙe ƙwallon har sai ƙofa ta buɗe. A 1992, shekara huɗu bayan waccan kaka ta kunya, Princeton ta doke Syracuse da ci 10 da 9 a ƙarin lokaci na biyu. Ta sake ci a 1994, 1996, 1997, 1998 da 2001.

Huɗu daga cikin shidan nan a ƙarin lokaci aka ci su. Ana iya cewa sa'a ce, amma sa'ar da ta maimaita kanta sau huɗu a hannun mutum ɗaya ta cancanci a sake dubanta. Abin da ya rufe bakin masu shakka shi ne tafiyarsa Denver a 2009, can jihar Colorado, nesa da gabashin ƙasar inda wasan ya yi jijiya. A 2015 Denver ta doke Maryland da ci 10 da 5, ta zama jami'a ta farko daga yammacin ƙasar da ta ɗauki kofin, Tierney kuma ya zama koci na farko da ya ci shi da jami'o'i biyu. Princeton kuwa har zuwa 2025 ba ta sake ɗaga shi ba tun na 2001.

Misalin da ya fi nuna hannun koci a cikin kaka ɗaya shi ne Virginia ta 2011. Ƙungiyar Dom Starsia ta yi ta shan kashi a tsakiyar kaka, babban ɗan bayanta ya ji rauni, sannan ta rasa manyan 'yan tsakiyarta biyu saboda ladabtarwa. Starsia, wanda aka sani da tsaron kowa-ya-riƙe-nasa da wasan gudu, ya ajiye abin da ya saba. Ya koma tsaron yanki, inda kowa ke gadin wuri maimakon mutum, ya kuma mayar da harin gaba ɗaya ya riƙa bi ta hannun Steele Stanwick daga bayan raga. Virginia ta shiga gasar a matsayi na bakwai da rashin nasara biyar a wuyanta, ta fito da kofi bayan ta doke Maryland 9 da 7. Ƙungiyar da ta ci kofin nan ta fi wadda ta fara kakar ƙarancin gwanaye.

A ɓangaren mata akwai labarin da ya fi wannan. Jami'ar Northwestern ta dawo da ƙungiyarta a 2002 ƙarƙashin Kelly Amonte Hiller, a yankin da 'yan mata kaɗan ne ke buga wasan. An san labarin yadda ta ga wasu tagwaye suna motsa jiki a harabar makaranta ta gayyace su, alhali ba su taɓa riƙe sandar lakuros ba. Zuwa 2005 ta ci kofi, ta kuma jera biyar har 2009.

To wa ya kawo gwanin?

Nan ne nake ganin ɓangarorin biyu suke kuskure tare, domin suna magana kamar koci daban, tarin gwanaye daban. A ƙungiyoyin ƙwararru akwai shugabanni da masu kuɗi da ke sayo 'yan wasa su danƙa wa koci. A jami'a kocin ne da mataimakansa ke yawo gasannin 'yan sakandare duk bazara, su zauna da iyaye a falo, su yanke shawarar wa za a kira, wa za a bari. Shekaru da dama dokar NCAA ta taƙaita wa kowace ƙungiyar maza tallafin karatu da bai wuce na mutum 12.6 ba, alhali 'yan wasan sun haura arba'in. Yanka wannan ɗan tallafi gunduwa-gunduwa a raba shi yadda zai jawo mai tsaron raga nagari da gwanin kokawa da 'yan gaba biyu, wannan ma aikin koci ne, kuma ya fi duk wani canji da zai yi ranar Litinin tasiri.

Dubi Denver ta 2015 da kyau. Tierney ne ya tsara ta, amma ƙashin bayanta Trevor Baptiste ne, ɗan ajin farko da ya riƙa kwashe ƙwallo a kokawar tsakiya, da Wesley Berg ɗan Kanada da ya taso yana buga lakuros na cikin ɗaki, inda wuri ya yi ƙunci har mutum ya koyi harbi a matse. Ba don su ba da babu kofi. Ba don Tierney da mataimakansa sun buɗe hanyar Kanada sun kuma ga abin da ke jikin Baptiste ba, da su ma ba su zo Denver ba. Ko a Princeton, kofuna uku a jere na 1996 zuwa 1998 sun zo ne lokacin da yake da 'yan gaba uku da suka gagari kowa: Jesse Hubbard, Jon Hess da Chris Massey.

Kevin Corrigan ya fara horar da Notre Dame a kakar 1989. Ya sha kashi a wasan ƙarshe na 2010 da na 2014, duka a hannun Duke. Sai a kakarsa ta 35, a 2023, ya ɗauki kofin farko, ya maimaita a 2024 da lallasa Maryland 15 da 5. Babu mai hankalin da zai ce Corrigan ya koyi aikin koci ne a 2023. Abin da ya sauya shi ne an haɗa masa Entenmann a raga da 'yan'uwan nan biyu, Pat da Chris Kavanagh, a gaba. A wasan ƙarshe na 2024 Chris ya ci biyar, Pat ya ba da shida aka ci. Amma yayansu Matt ya riga ya buga wa Corrigan shekaru kafin nan, wato amanar da ta kawo ƙannen Notre Dame an daɗe ana gina ta.

Haka ƙungiyar mata ta Boston College. Acacia Walker-Weinstein ta kai ta wasan ƙarshe a 2017, 2018 da 2019, ta faɗi duka ukun. Charlotte North ta sauya sheƙa daga Duke, a 2021 ta zura ƙwallo 102 a kaka ɗaya, shida daga ciki a wasan ƙarshe, aka doke Syracuse 16 da 10. Mai son ya ce North ce ta kawo kofi ya faɗi gaskiya. Amma North ta zaɓi wurin da ya riga ya je wasan ƙarshe sau uku a jere.

Wani lokaci ma rabon yabon yakan rikice gaba ɗaya. Virginia ta rabu da Starsia a 2016 bayan ya ci mata kofi huɗu. Lars Tiffany ya gaje shi ya ci a 2019, kuma cikin jagororin wannan ƙungiya akwai irin su Ryan Conrad da suka shigo tun zamanin Starsia. A kan hanyar zuwa kofin ma, a wasansu da Maryland, an ba Virginia wani ƙwallo da bidiyo ya nuna turken sama ya buga bai shiga ba. Wa za a rubuta wa wannan kofi?

Shari'ar John Tillman

Tillman ya karɓi Maryland a kakar 2011. Daga nan zuwa 2025 ya kai ta wasan ƙarshe sau tara: 2011, 2012, 2015, 2016, 2017, 2021, 2022, 2024 da 2025. Ya ci biyu, na 2017 a kan Ohio State da na 2022 a kan Cornell, shekarar da ƙungiyarsa ta buga wasa 18 ta cinye duka. Masu sukarsa suna ƙirga bakwai ɗin da ya faɗi, su ce mutumin ba ya iya ƙarasa aiki.

Ni ina ganin wannan hukunci zalunci ne, kuma yana nuna rashin fahimtar abin da koci ke iko da shi. Ɗalibi shekara huɗu yake bugawa ya tafi. Tsakanin 2011 da 2025 'yan wasan Maryland sun sauya kakaf sau da dama. Abin da bai sauya ba shi ne kocin da tsarinsa na tsaro mai tsauri da rashin zubar da ƙwallo. Idan yara daban-daban suna ta isa wuri ɗaya ƙarƙashin mutum ɗaya, to shi ne dalilin isar. Ƙungiyoyinsa na 2011 da 2012 ko cikin jerin takwas na sama ba a sa su ba, amma suka kai Litinin. Ta 2024 ta shiga gasar tana tangal-tangal, mutane sun riga sun cire ta daga lissafi, ita ma ta kai.

Sannan a dubi yadda aka faɗi. A 2016 North Carolina, wadda ita ma ba ta cikin jerin na sama, ta ci 14 da 13 a ƙarin lokaci ta hannun Chris Cloutier, wanda ya zura 19 a gasar ta shekarar, adadin da ba a taɓa yi ba kafin shi. A 2021 tarewar Rode ce. A 2025 Kirst ne, mutumin da ya kafa tarihin yawan ƙwallaye a rukuni na ɗaya. Ba na wanke Tillman tas: ci uku kacal a gaban Loyola a 2012 da biyar a gaban Denver da Notre Dame suna nuna cewa salon taka-tsantsan yana iya shaƙe harin ƙungiya idan ta faɗo baya, kuma wannan zaɓinsa ne. Amma sau da yawa abin da ya faru shi ne tsarinsa ya ɗauki ƙungiyar da ba ta fi kowa gwanaye ba ya kai ta gaban wadda ta fi ta. Da ya faɗi tun a zagayen farko, da babu mai ƙirga masa rashin nasarar wasan ƙarshe.

Abin da sababbin dokoki suka sauya

A 2019 NCAA ta kawo agogon hari na daƙiƙa 80: ƙungiya ta harba cikin wannan lokaci ko ta miƙa ƙwallon. Wannan ya karɓe wa koci babban makami. A da mai ƙarancin gwanaye yana iya riƙe ƙwallon minti biyu ko uku, ya rage yawan hare-hare, ya mayar da wasan na ci shida da biyar inda komai na iya faruwa. Yanzu hare-hare sun yawaita, kuma yawan hari yana fifita wanda ya fi gwanaye da yawan 'yan canji masu ƙarfi.

Ta wani gefen kuma ikon koci ya ƙaru. Tun 2018 aka buɗe rajistar sauya sheƙa, a 2021 aka yarda ɗalibi ya koma wata jami'a ya buga nan take, a shekarar ce kuma aka halatta musu samun kuɗi da sunansu. Annobar korona ta soke kakar 2020, aka ƙara wa kowa shekara guda, su kuwa jami'o'in Ivy ba sa barin ɗaliban digiri na biyu su buga. Sai manyan 'yan wasansu suka bazu. Jonathan Donville ya bar Cornell ya koma Maryland, ya ci kofin 2022 a kan tsohuwar makarantarsa. Brian Tevlin da Chris Fake, waɗanda suka ci da Yale a 2018, sun koma Notre Dame suka sake ci a 2023, Tevlin ne ma ya zura ƙwallon ƙarin lokaci da ya fitar da Virginia ranar Asabar. Koci na yau yana iya duba ramin da ke ƙungiyarsa a watan Yuni ya cike shi da wanda ya riga ya goge. Wannan ya sa nasarar Cornell ta 2025 ta ƙara daraja a idona, domin Connor Buczek, tsohon ɗan wasanta da bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, ya yi ta ne da yaran da suka girma tare, wasunsu tun rashin nasarar 2022.

Waɗanda abin ke shafa

Gardamar ba ta tsaya a teburin masu sharhi ba. Jami'ar da ta yarda cewa koci ne komai takan auna shi da kofin bara kawai. Starsia ya tafi da kofi huɗu a tarihinsa, Dave Pietramala ya rabu da Johns Hopkins a 2020 da biyu, na 2005 da 2007. Idan koci ya tafi, mataimakansa sun rasa aiki, yaran sakandare da suka yi alkawarin zuwa saboda shi kuma sai su sake lissafi.

Yarda da cewa gwani ne komai kuwa iyaye take ci. Ita ce ta jawo rububin da koci-koci suka riƙa karɓar alkawari daga yara 'yan shekara 14 da 15, har sai da NCAA ta hana tuntuɓarsu kafin 1 ga Satumba na ajinsu na kusa da ƙarshe a sakandare, dokar da ta fara aiki a 2017. Iyalai suna kashe maƙudan kuɗi a ƙungiyoyin kuɗi da tafiye-tafiyen gasar bazara, da fatan tallafin karatun da sau da yawa ɗan yanki ne na kuɗin makaranta. Wannan tsada ce ta sa wasan da ya fito daga garuruwan Haudenosaunee ya fi yawa a unguwannin masu hali na Baltimore da Long Island da makarantun kuɗi na gabas. Yaron da iyayensa ba za su iya biyan kuɗin gasar bazara ba, ko yana da baiwar Lyle Thompson, da wuya wani koci ya gan shi.

Akwai kuma yaron da ke zaune a benci. Tunda rajistar sauya sheƙa ta buɗe, ɗalibin da ya yi shekara uku yana jiran gurbinsa yana iya wayar gari ya tarar an kawo wani daga wata jami'a an ɗora a kansa. Yarjejeniyar da kotu ta amince da ita a 2025 kan biyan 'yan wasan jami'a ta cire iyakar tallafin karatu ga makarantun da suka shiga tsarin, ta maye gurbinta da iyakar yawan 'yan wasa, mutum 48 a lakuros na maza. Jami'a mai kuɗi yanzu tana iya tallafa wa yara fiye da da, ƙaramar jami'a irin Loyola da ta ci kofi a 2012 kuwa dole ta yi gasa da ita da aljihun da bai kai ba, kuma yaran da ke ƙarshen jerin suna su ne na farko da za a sallama idan aka zo rage adadi.